Ruwan da Ya Saki da Hannunsa

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, ma'aikacin jinya a ɗakin masu ciwon zuciya. Ilimi kam yana da shi. Tsoron Allah ne ya yi masa ƙaranci.

Idan likita ya ce a yi wa majinyaci ƙarin ruwa ɗigo-ɗigo, shi ba shi da haƙurin gadin ledar ruwan. Sai ya murza makunnin ya saki ruwan, don ya ƙare kafin lokacin tashinsa. Har tsiya yake yi wa ƙananan ma'aikata: "Ku zauna nan kuna ƙirga ɗigo kamar masu jiran famfo." Alhali ya fi kowa sanin cewa zuciyar da ta raunana ba ta iya tura ruwa mai yawa. A huhu yake taruwa, mutum ya nutse yana kan gado.

Wata rana aka kwantar da wata tsohuwa mai irin wannan ciwo, amai ya galabaitar da ita, aka sa mata ƙarin ruwa. Ya saki ruwan, ya yi gaba. Ba a jima ba 'yarta ta sheƙo: "Malam, taimaka! Inna tana haki, ga kumfa a bakinta!"

Kallo ɗaya ya gane. Ya san abin yi: a rufe ruwan, a tayar da ita zaune, a sa mata iskar oksijin, a faɗa wa likita gaskiya ya ba da allurar fitar da ruwa. Amma gaskiyar za ta tona shi. Sai ya cusa ledar da ta ƙare a aljihu, ya rataya sabuwa.

"Ki yi haƙuri," in ji shi, "ciwonta ne ya tashi."

Tsohuwa ta cika. 'Yar ta ga bakin ledar yana leƙowa daga aljihunsa, ta ce, "Ban san aikinku ba, amma Allah ya sani. Allah ya isa."

Kuna tsammanin wannan kalma faɗuwa take yi a ƙasa? Wallahi ba ta faɗuwa!

Shekaru suka ja, tasa zuciyar ta raunana, aka kwantar da shi a ɗakin nan. Wadda ke bakin aiki ɗalibarsa ce, kuma ta iya karatun da ya koya mata. Ya farka ya ga ruwa yana zuba kamar zare, leda ta kusa ƙarewa. Ya buɗe baki ya ce a rufe, babu numfashin magana. Ya miƙa hannu ga makunnin, hannu ya faɗi. Yana gani ta sauya leda, yana ji ta ce wa matarsa, "Mama, ki yi haƙuri, ciwonsa ne ya tashi."

Ni dai ban tausaya masa ba. Ya tafi yana sane da kowane ɗigo.

Ya 'yan uwa, kuskure na ɗan Adam ne, kuma wanda ya faɗe shi da wuri yakan ceci rai. Wanda ya binne shi don kare sunansa, kisa ya yi. Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ke kwance a hannunmu, ya tsare mu daga Allah-ya-isan wanda muka zalunta. Amin.