Yalon Hansatu da Muryar da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

"Ga ta nan, ga ta nan ku, masu ƙananan kunnuwa!"

"Ta zo mu ji ta, Yaya, mu riƙe ta!"

To, ku matso kusa. Tatsuniyar yau akwai waƙa a cikinta. In na rera, ku amsa da cewa, "Kar ka tona!" Ku gwada in ji.

"Kar ka tona!"

Yawwa, haka nake so.

Wani mutum ne wai shi Nomau, yana da lambu a bakin rafi. Lambun na uwarsa ne, wata tsohuwa mai suna Hansatu. Ita Hansatu tana da wani irin yalo da babu mai shi duk ƙasar. Fari ne sol, ga zaƙi, ba ɗaci ko kaɗan. Ranar kasuwa, kafin ta sauke kwando an rabe shi.

Tsohuwar nan tana da wasu ɗabi'u. Kullum da sassafe sai ta ɗauki ɗan tsinke, ta bi shukarta ɗaya bayan ɗaya tana tona gindinsu, tana 'yan maganganu kamar mai hira da ƙasa. In ta gama, sai ta zagaye kowace shuka da tokar murhu mai sanyi. Kusa da inda take ɗiban ruwa kuma ta kife wani fasasshen tulu. A ƙarƙashinsa Kwaɗo yake zaune, shekara da shekaru. Shi Nomau duk yana ganin wannan rigimar tsufa ce.

Da ciwon ajali ya kama ta, ta kira shi. Ta miƙa masa ɗan ƙullin tsumma, ta ce, "Ga irin yalon nan, shi ke nan ya rage. Kuma ka ji, in ka ga shuka ta faɗi, durƙusa ka duba gindinta kafin ka kama sunan wani."

Ya ce, "To, Inna." Amma to ɗin iya baki ne.

Lokacin aikin lambu ya zo. Nomau ya kwance ƙulli zai zuba iri. Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, ka rage kaɗan mana, ko don wata shekara."

Ya ce, "In ya yi 'ya'ya, iri har sai kin rasa inda za ki zuba."

Ya juye duka. Ya yi reno, irin ya fito shar. Ya cire ya dasa a jere uku. Tsinke kuwa bai ɗauka ba, toka bai zuba ba, ciyawar gefen lambu ma ya bar ta ta yi duhu.

A cikin ciyawar nan wata Tsutsa ta girma, ita da 'ya'yanta. Launinta launin ƙasa, jikinta sumul, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Da rana tana kwance ƙarƙashin ƙasa, naɗe kamar zobe. In mutane sun tashi daga lambu, sai ta fito ta yanke shuka daga wuya, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa. Ta ci kaɗan, ta bar saura a yashe.

Wata safiya Nomau ya zo, ya tarar da shuka zube a jeren farko, kamar an bi su da aska. Ya yi salati. Ya tuna maganar uwarsa, ya fara sunkuyawa. Tsutsa tana ƙasa tana jin sawunsa. Sai ta gyara murya, ta rera:

Nomau, Nomau, ɗan Hansatu,
"Kar ka tona!"
Ni ce Ƙasa, ƙawar uwarka,
"Kar ka tona!"
In ka tona, ka ji mini ciwo,
"Kar ka tona!"

Nomau ya ja da baya. Ya ce, "Ashe da ke Inna take hira!"

Tsutsa ta ce, "Da wa kuwa? Ni da ita ba ma ɓoye wa juna komai."

Ya ce, "To wa ya yi mini wannan ɓarna?"

Ta ce, "Zuba ruwa. Wadda ta fara leƙowa, ita ce."

Ya zuba ruwa. Sai ga Tana ta leƙo, doguwa, ja, tana miƙa. Ita kuwa Tana maƙwabciyar Tsutsa ce a ƙasa, duk abin da aka yi a idonta aka yi.

Nomau ya ce, "Ɓarauniya!"

Tana ta ce, "Ni? Nomau, duba bakina da kyau. Ina haƙorin? Ruɓaɓɓen ganye nake ci. Ramukan da nake yi kuwa, ta nan ruwanka yake shiga. Tona nan kaɗan in nuna maka wadda..."

Ya ce, "Yi mini shiru! An hana ni tono."

Ya tsince Tana da danginta kaf, ya zuba a ƙwarya, ya kai can ƙetaren rafi ya juye.

Ya koma gida ya ba Tabawa labari. Ta ajiye muciya, ta dube shi, ta ce, "Maigida, tunda nake ban taɓa jin ƙasa ta yi waƙa ba. In tana da baki, me ya hana ta ce a daina taka ta?"

Ya ce, "Ke ba ki san sirrin lambu ba."

Ta ce, "Haka ne. Na dai san tuwo."

Ba a daɗe ba, wata safiya ya zo ya ga jeren farko ya ƙare, an shiga na biyu. Ƙasar kuma ta fara tauri, ruwa yana kwanciya a sama. Ya sake sunkuyawa. Murya ta sake tashi:

Nomau, Nomau, ɗan Hansatu,
"Kar ka tona!"
Ɓarawonka yana da fiffike,
"Kar ka tona!"
Ɗaga kanka ka duba sama,
"Kar ka tona!"

Ya ɗaga kai. Sai ga Zabuwa a bakin lambu tana tsattsage ƙasa. Ita kuwa Zabuwa, babu abin da Tsutsa take tsoro da rana kamar bakinta.

Nomau ya ce, "Au, ke ce!"

Zabuwa ta ce, "Ni ce me? Ɗan Hansatu, ka taɓa ganin na ci kara? Uwarka in ta kafce ƙasa ta shanya ta a rana, ni take kira in tsince mata abin da ya fito."

Ya ce, "Tsinta ko sata?"

Ta ce, "Kai dai duba yankan nan. Daga ƙasa aka yi shi. Ni daga sama nake sara. Wanda ya yi wannan, kwance yake."

Ya ce, "Bakinki ya fi ƙafarki sauri."

Ya jefe ta da hoge. Ya saro ƙaya ya kewaye lambu, ko ɗan tsako ba zai shiga ba.

Tabawa ta ce, "Sannu da aiki, maigida. Ka kori mai tsawo, ka kori mai zane. Saura ni."



Duk da haka jere na biyu ya ƙare, yanzu saura jere ɗaya. Saura kuma mutum ɗaya da ya hana Tsutsa sakat, wato Kwaɗo. Shi ne in ta fito da 'ya'yanta yake lashe su da harshe.

Da gari ya waye, Tabawa ta ce yau kam da ita za a je. Ta kwashi toka daga murhu a kasko, da sauran zafinta, ta ce in ta huce za ta zagaye shukar kamar yadda Inna take yi. Suka isa. Rabin jeren ƙarshe yana ƙasa. Ga Kwaɗo zaune a tsakiya, ciki ya yi tim.

Murya ta taso, a hankali wannan karon:

Nomau, Nomau, ɗan Hansatu,
"Kar ka tona!"
Dubi cikin wanda kuka riƙa,
"Kar ka tona!"
Da me ya cika in ba yalonka ba?
"Kar ka tona!"

Nomau ya ce, "Har da kai, Kwaɗo? Kai da Inna ta yi wa ɗaki?"

Kwaɗo ya ce, "Yaro, ina wurin nan aka kawo ka a goye. Cikin nan da kake gani, 'ya'yan ɓarauniyarka ne a ciki. Uwar ce ta gagare ni. Da ta ji motsina sai ta nutse. Ga ta nan ƙarƙashin ƙafarka, zurfin ko gaɓar yatsa bai kai ba. Durƙusa kawai."

Tabawa ta ce, "Maigida, don Allah durƙusa. Me za ka rasa?"

Amma zuciya ta riga ta ɗebe shi. Ya fizge kaskon daga hannunta, ya watsa wa Kwaɗo toka mai zafi a baya. Ya ɗaga fartanya ya farfasa tulun. Kwaɗo bai yi ihu ba. Ya dube shi kawai, ya juya, ya ja jiki zuwa rafi.

Kun yi shiru. Ai dole. Ni ma wurin nan ba na son faɗarsa.

Tun da Kwaɗo ya tafi, babu mai hana Tsutsa. Shuka ta yi ta faɗuwa har ya rage guda ɗaya tak. Wata safiya Nomau ya zo, ita ma ya same ta kwance, ganyenta ko yaushi bai yi ba.

Ya zube a kan gwiwa, ya sa hannu yana shafa wurin, yana kiran Inna. Yatsansa ya nutse cikin ƙasa. Ya ji wani abu mai laushi. Ya ɗago. Ga Tsutsa a tafin hannunsa, naɗe kamar zobe, ta yi ɓul-ɓul.

Ta buɗe baki ta fara, "Nomau, Nomau, ɗan Hansa..."

Ya ce, "Ke ce Ƙasa?"

Ta ce, "To, a cikinta nake kwana. Kusan ɗaya ne."

Ya ce, "Ke Inna take wa magana da safe?"

Ta ce, "Mu ne. Amma fa ba hira ba ce. Cewa take, 'Fito, munafuka,' ta jefa wa Zabuwa."

Nomau ya kwance ƙayar da ya yi shinge da ita. Ya kafce lambun duka, ya cire ciyawa, ya shanya ƙasa a rana. Yawan tsutsar da ta fito, sai da Nomau ya rufe ido. Zabuwa ta zo ta tsince, da uwar da 'ya'yan. Amma daga nesa take ci, yana motsawa take tashi. Ya ƙetare rafi ya ɗebo Tana. Ta shige ƙasa abinta.

Sannan ya samo wani fasasshen tulu, ya kife a wurin na da. Ya gangara bakin ruwa, ya tarar da Kwaɗo cikin taɓo, bayansa duk ya yi ƙuraje.

Ya ce, "Baba Kwaɗo, na zo neman gafara."

Kwaɗo ya ce, "Yalon ya rage?"

Ya ce, "Ko ɗaya."

"Iri fa?"

"Na zuba duka."

Kwaɗo ya ce, "Zafin toka ya wuce, yaro. Wannan ne ba zai wuce ba. Zan koma, saboda lambun Hansatu ne. Amma in na ji sawunka zan ɓuya, kuma ba za ka ƙara jin magana a bakina ba."

Haka kuwa aka yi. Nomau ya ɗauki tsinke, ya koyi bin shuka da sassafe, ya koyi zuba toka mai sanyi. Ya yi tumatir, ya yi albasa, ya yi tattasai, duk suka yi kyau. Amma ranar kasuwa sai wata tsohuwa ta tsaya a gabansa ta ce, "Ɗan Hansatu, ina farin yalon nan?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya ƙare, Iya."

Shi ya sa har yau bayan kwaɗo yake da ƙuraje, kuma ba ya yarda da sawun mutum. Shi ya sa zabuwa ba ta sabo. Yalon Hansatu kuwa, ba ni ba ku, babu wanda zai ƙara ɗanɗana shi.

Don haka in kun ga shuka ta faɗi a lambun gida, kar ku fara da wanda kuka gani a fili. Me za ku yi?

"Mu tona, Yaya!"

Ku durƙusa ku tona. Doguwar ja ku mayar da ita, taku ce. Mai naɗewa kamar zobe ku ba kaji.

Ƙurunƙus, kan 'yar tsutsa! Na miƙa wa zabuwa, ta haɗiye ta bar ni da tsinke.