Injiniyan Takarda

An yi wani mutum a nan Agege, ba zan ɓata bakina da sunansa ba. Kullum cikin guga da turare yake, ga Turanci a baki, amma ko ƙwan lantarki bai iya sauyawa ba.

Wani kamfanin ɗakunan sanyi kusa da Oko-Oba, inda mahauta ke ajiye nama, ya nemi mai kula da injuna. Abu uku suke dubawa a takardar neman aiki: me ka karanta, ina ka taɓa aiki, wa zai tsaya maka shaida.

Ɗan baffansa, Shafi'i, shekara bakwai yana wannan sana'a, amma zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya miƙa masa takardarsa ya ce, "Yaya, don Allah ka kai mini, Juma'a za su rufe."

"Kwanta ka huta, an gama."

Kun san abin da ya yi? Shagon kwamfuta ya shiga, aka goge sunan Shafi'i aka ɗora nasa. Gumin shekara bakwai ya sace cikin minti goma. Ya haddace sunayen injuna, ya je ya zuba wa masu tambaya, suka ɗauke shi. Ya dawo ya dubi idon marar lafiya ya ce, "Ƙaddara, sun ɗauki wani."

Wata biyu injuna suna lafiya, yana yawo da hular kwano, mahauta suna "Injiniya, sannu da aiki," shi kuwa yana amsawa da ka. A ransa har ya yarda ya fi kowa wayo.

Wata Alhamis da hantsi ƙarar inji ta sauya, ƙararrawa ta kama kuka. Wanda ya san aiki, gyaran awa ɗaya ne. Shi fa? In ya kira wani, asiri zai tonu. Sai ya cire wayar ƙararrawar, ya ja ƙofa, ya ce ƙila injin ya gyara kansa. Wawa!

Ranar Lahadi wari ne ya kira jama'a. Naman shanu talatin ya yi kore. Malam Na'Allah, dattijon mahauci da ya ajiye duk jarinsa a ciki, ya leƙa sau ɗaya ya zauna a ƙasa.

Mai kamfanin ta zo da takardar a hannu, ta ce a gaban kowa, "Injiniya, nuna mana injin da ya lalace." Sai ya nuna mata janareto. Nan take ta kira wanda aka rubuta a matsayin shaida a waya, ta buɗe murya kowa ya ji. Mutumin ya ce, "Wane ne kuma wannan? Ni Shafi'i na koya wa aiki."

'Yan sanda suka wuce da shi da hular kwanonsa. Kotu ta ɗaure shi. Matarsa ta kwashi 'ya'ya ta koma gidansu. Da ya fito, ko gadin shago babu wanda ya yarda ya ba shi a Agege.

Ya 'yan uwa, takardar neman aiki shaida ce kake bayarwa a kan kanka. Wanda ya rubuta abin da bai iya ba ya yi shaidar zur, ya ci amana, duk lomar da ya kai gida haram ce. Rubuta ɗan abin da ka iya. Wace takarda za ka gyara ranar da hannuwanka za su yi magana?

Allah ya kiyaye mu da cin gumin wani, ya wadata mu da halal. Amin.