Gugan Farko na Rijiyar Dahabo

Ku gyara zama, yau na zo muku da abin gardama.

A wata ƙasa can gabas yaƙi ya rabu gida uku: ga sojojin wasu shugabannin kama-karya da suka haɗa kai, ga 'yan tawaye masu neman a yi zaɓe, ga kuma Somaliyawa 'yan a-ware masu son tasu ƙasar. Kowa rantsuwa yake don talaka yake yi. Talakan kuwa ita ce Dahabo, tsohuwar da ke kula da rijiya ɗaya tilo ta ƙauyensu, wadda ta kwana tara ba ta zura guga ba. Sojoji sun binne nakiyoyi a kewayen rijiyar, 'yan a-ware kuma tun kafin nan sun jefa mushen raƙumi a ciki don kada sojojin su sha. Raƙuma suka fara durƙushewa, mutane suka fara haƙa kabari.

Ran na goma sai ga Tekle, sojan da ya binne nakiyoyin da hannunsa, ya gudo daga sansani. Ya tsuguna gaban Dahabo ya zana mata a ƙasa inda kowace take, guda goma sha bakwai. Ba wanda ya san wuraren sai shi, amma tonowa ba aikinsa ba ne.

Sai Almaz, malamar makaranta da ta shiga tawaye ta koyi kwance nakiya. Kwamandanta ya ce a bar nakiyoyin, tunda suna tare wa sojoji hanya. Ta yi kunnen uwar shegu ta zo. Ta kwance goma sha shida lafiya, ta ƙarshe ta tafi da hannunta na dama.

Saura mushe, wanda warinsa ya hana kowa leƙawa. Warsame, ɗan a-ware daga wata zuriya daban da ta ƙauyen, yana cikin waɗanda suka jefa shi. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya yini yana yanka yana turowa, har sau biyu ana jawo shi a sume. Aka yashe rijiya, ruwa ya tsatso garau.

Yanzu kowannensu mutanensa na nemansa su harbe, wai ya ci amana. Al'adar ƙauyen kuwa, baƙon da mai rijiya ta shayar da gugan farko ya zama ɗan gida, sai an gama da mutanen ƙauyen kafin a taɓa shi. Dahabo ta roƙi dattawa su karɓi duka ukun.

Babbansu ya ce, "Inna, gugan farko ɗaya ne. Mu ma runduna ɗaya za mu iya tarewa."

Ta ja guga ya fito cike, ta tsaya riƙe da shi, tausayi ya hana ta ɗaga kai. Ga su uku a zaune, ba wanda ya miƙo hannu.

To, ku da kuka ji, wa ya kamata Dahabo ta shayar?