Agwagwa Bakwai da Sunan Gethin

Akwai wani ɗalibi a wata kwaleji a Oxford, Crispin, ɗan masu hali. Har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Ƙa'idar kwalejin, in za ka ci abinci ka rubuta sunanka a takardar bakin ƙofa. Ƙarshen zango a haɗa maka da kuɗin ɗaki, shi suke kira batels. Wanda bai biya ba, ba digiri.

Duk Juma'a Crispin kan kwaso abokai su ci agwagwa su sha giya, sai ya rubuta sunan wani ɗalibi, Gethin, ɗan direban bas. Wai wasa!

Saura kwana huɗu bikin yaye ɗalibai, ma'aji ya miƙa wa Gethin takarda: fam ɗari shida da arba'in.

Gethin ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa ɗanɗana agwagwar nan ba! Mahaifiyata har ta yanki tikitin jirgin ƙasa don zuwa bikin."

"Ga sunanka nan sau bakwai. Ka biya, ko ka ce mata ta yi zamanta."

Ya fito yana hawaye, Crispin na ƙyaƙyata dariya: "Haba malam, kuka a kan ɗan canjin nan?"

Ashe Misis Pargeter na ji, dattijuwar da ta shekara talatin tana raba abinci. Crispin bai taɓa kallon fuskarta ba, da ƙyasta yatsa yake kiranta. Ta dire tire ta faɗa ofishin ma'aji ko sallama babu.

"Yallaɓai, duk Juma'a Gethin a kicin yake, ragowar miya da burodi nake ba shi. Fito da takardun!"

Aka fito da su. Duka bakwai da koren alƙalami aka rubuta.

Ta ce, "Mutum ɗaya ke yawo da koren alƙalami a gidan nan. Ni nake riƙe masa takardar, ban san sunan wani yake zubawa ba. Mara kunya!"

Aka kira Crispin. Ya taɓe baki: "Maganar mai wankin kwano za ku ɗauka?"

Ma'aji ya ce, "Ciro alƙalaminka."

Kore shar. Ya biya, aka kuma soke sunansa daga bikin. Ko kaɗan ban tausaya masa ba.

Ranar bikin Gethin ya rubuta sunansa da hannunsa: agwagwa faranti uku. Shi, mahaifiyarsa, da Misis Pargeter, wadda a ranar ta fara zama a teburin cin abincin kwalejin.

Darasi: Kada ka ɗora wa talaka nauyinka ka kira shi wasa, kuma wanda ka raina yana ganinka. Ku tura wa wasu su amfana.