Ruwan da Ya Hau Tudun Kaka

Don girman Allah, ko kun gane ni kada ku kama sunana. In yayyena uku suka ji na fitar da maganar nan waje, na shiga uku.

Ranar Laraba da hantsi masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta, iska ta koro ta tudun da kakarmu take. Kaka ba ta gani, kuma ta rantse ba inda za ta ta bar rumbunta. Ni kaɗai ce a wurinta, ina ta ihu. Ruwa kuwa yana can ƙasa a madatsa, da nisa.

Yaya Tanimu ne ya saɓo injin ban-ruwansa a kafaɗa har bakin madatsa, ya tayar. Laka ta dinga toshe bakin mesar da ke zuƙo ruwa. Sai ya shiga ruwan har ƙirji ya ɗaga ta da hannu, matsattsaku na shan jininsa, bai fito ba sai da aka gama.

Yaya Jatau kuma gona-gona ya bi da gudu yana kwaso mesar mutane, yana haɗawa, yana ɗaurewa da robar tayar keke, har ta kai tudu. Wani mahaɗi ya ɓalle a inda wuta ta riga ta ci. Ya damƙe shi da hannu biyu, ya durƙusa a kan toka mai zafi. Har yau gwiwoyinsa a ɗaure suke.

Duk da haka fa, ɗigo kawai ruwan yake a sama, hawan ya fi ƙarfin injin. Sai Yaya Mati ya daka tsawa: "Kai, ku tsinke mesar a tsakiya!" Ya gangaro da duro rabin hanya, injin ƙasa na cika shi, ya aro injin maƙwabci ya ɗora a nan yana tura ruwan sama. Wallahi sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka jiƙe rumbu da danga, wuta ta kewaye mu ta wuce.

Jiya Kaka ta lalubo hannuna. "Ke ja'ira, ke ce idona. Fadamata rijiya ɗaya gare ta, ba ta rabuwa. Gobe ki gaya min wanda ya tsare ni, tasa ce."

Na ce, "Kaka, ai dukansu ne."

"Ban haifi wani mai suna Dukansu ba."

Tun safe Tanimu ya aiko min da awara. Jatau ya zauna a ƙofa yana kwance tsumman gwiwarsa a hankali. Mati kuwa kallona kawai yake. Wanda duk na ambata, biyu sun daina gaishe ni.

Wayyo, ga takun wani a zaure, ban san ko wane ne ba. Ku yi sauri don Allah, wa zan ce wa Kaka a cikinsu?