Tafin Hannun Tabawa

An ce wai a wani gari mai tsofaffin itatuwan kuka, an yi wani marubuci, Malam Barmo, wanda ya ƙudurta rubuta littafi a kan girki da hikimar zaman duniya. A ganinsa, duk abin da masana suke nema a sama yana nan cikin tukunya. Sai dai shi ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba. Don haka ya je wurin Tabawa, wata tsohuwa mai tuwo a bakin kasuwa, wadda in ta kaɗa miya, masu wucewa sukan rage sauri ba su san dalili ba.

Ta ce, "Malam, ba ni da ɗa, ba ni da jika. Ranar da aka kai ni, sunana ya tafi. In na koya maka, me za ka yi mini?"

Ya ce, "Inna, duk abin da yake naki cikin littafin, da sunanki zai fita."

Suka rabu a kan haka. Shekara guda yana zaune gefen murhu, tururi na bi ta kan takardunsa, har tawadar ta ɗauki ƙamshin daddawa. Tana burga miya yana rubutu. In ta ce a rage wuta, sai ya cika shafi uku a kan haƙuri.

Littafi ya fito, malamai suka yaba. Nan fa kunya ta kama Malam Barmo, kada a ce mai tuwon bakin kasuwa ce malamarsa. Bai sa sunanta ko sau ɗaya ba. Da labari ya kai mata, ta ja sandarta sai gaban Alƙali Jatau.

Malam Barmo bai musa alkawari ba. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, na duba ne ban ga nata ba. Miyar kuka tun kaka da kakanni ake yin ta, ba ta kowa ba ce. Kalmomi nawa ne, hikimar tawa ce."

Magana ta yi nauyi, don kuwa ba ƙarya ya yi ba. Alƙali ya karɓi littafin yana juyawa a hankali, ya tsaya a wani shafi ya karanta: "Garin kuka cikin tafi biyu, daddawa rabin tafi, kanwa abin da yatsu uku suka ɗauka." Ya rufe, ya sa aka kafa murhu biyu a ƙofar zaure. Ya ce kowannensu ya dafa abin da shafin ya faɗa, kada a ƙara, kada a rage.

Malam Barmo ƙato ne, tafinsa kamar faifai. Tabawa kuwa hannunta bai fi ganyen ɓaure ba. Miyarta ta fito tana sheƙi, ƙamshinta ya tuna wa alƙali ɗakin uwarsa. Ta Malam Barmo ta daskare, maburgi ya tsaya a tsakiya kamar an shuka shi.

Tabawa ta leƙa ta ce, "Malam, wannan miya ce ko yaɓen ɗaki?"

Alƙali ya ce, "Malam, ba ka saɓa wa littafinka ba, ita ma ba ta saɓa ba. Ashe tafin da ka rubuta ba na kowa ba ne, na mutum ɗaya ne, kuma ga mai shi. Miya ta kakanni ce, kalmomi naka ne, awo nata ne. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Inna, kawo hannunki."

Ya ɗora tafinta a shafin farko, ya zagaye shi da tawada, ya rubuta sunanta a tsakiya. Ya hukunta cewa duk mai kwafar littafin sai ya fara da wannan zane, don mai girki ya gwada hannunsa ya san abin da zai ƙara ko ya rage.

Shekaru suka shuɗe, Tabawa ta rasu. Amma a garuruwan da ba ta taɓa takawa ba, mata sukan ɗora tafinsu a kan nata kafin su hura wuta, kamar masu gaisawa. Shafin ya yi baƙi da maiƙo, shafukan haƙuri suna nan fes.

To, wa ya ci, wa ya faɗi? Tabawa layi ɗaya ta nema, ta tashi da littafi sukutum, don har yau Hannun Tabawa ake kiransa. Masu cin tuwo su ma sun ci riba. Malam Barmo kaɗai ya faɗi, sunansa yana shafi na biyu inda ba mai buɗewa. Wanda ya hana hannun da ya ciyar da shi gefen takarda, wata rana hannun zai rufe takardar duka.