Gawa Ba Ta Magana

Akwai wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Desmond Harker a wani ƙaramin gari na bakin teku a arewacin Ingila. Gidan wasansu tsohuwar majami'a ce, amma Desmond yana taku a ciki kamar shi ya gina ta.

A wannan shekarar sun ɗauko wasan barkwanci irin wanda ake dariya da mutuwa. A cikin wasan, kaka ya rasu ranar bikin jikarsa, sai iyali suka zaunar da shi a kujera, suka sa masa hula, don kada baƙi su gane. Desmond ne babban ɗa. Gawar kuwa Wilfred Ogden ne, tsohon direban bas, wanda aikinsa kawai ya zauna bai motsa ba har a sauke labule.

Kullum a wurin gwaji Desmond yana kansa.

"Tsoho, cikinka yana hawa yana sauka. Har na kujerar baya suna gani."

"To ya zan yi, ɗana? In daina numfashin?"

"Da ka taimake mu."

Sai a yi dariya, Wilfred ma ya yi, ya miƙa masa alewa daga aljihu.

Ranar Asabar da rana ruwan sama ya koro masu yawon bakin teku, gidan ya cika. Wasan ba shi da hutu, kuma a al'adar 'yan wasa, in an ɗaga labule ba a tsayawa.

Ba a jima da farawa ba, Desmond ya sunkuya zai gyara wa gawar hula. Sai ya ji raɗa.

"Desmond, ƙirjina. Sa a sauke labule."

Ya ga gumi a goshin tsohon, ya ga leɓensa ya canza launi. Amma doguwar maganarsa ce ke tafe, wadda ya fi ji da ita. Ya miƙe, ya faɗi abin da babu a cikin wasan: "Baba, yi shiru mana. Gawa ba ta magana."

Gidan ya ɗauki dariya. Desmond bai taɓa samun irinta ba.

Dab da ƙarshe ya sake sunkuyawa kan kujerar. Muryar ta zo a natse, ba ko haki a cikinta.

"Yanzu fa? Na yi daidai?"

Desmond ya dubi cikin tsohon. Ko kaɗan ba ya motsi. "Yau kam ka yi," ya ce ƙasa-ƙasa.

Aka gama, 'yan wasa suka jeru suna rusuna wa jama'a. Wilfred bai tashi ba. 'Yan kallo suka ɗauka cikin wasan ne, suka ƙara tafi. Matarsa Edna, mai sayar da shayi a bakin ƙofa, ita ce ta hawo dandamali ta taɓa hannunsa. Tafin ya mutu a hankali.

Wata likita daga cikin 'yan kallo ta duba shi, ta girgiza kai. "Ya jima da rasuwa. Tun wajen farkon wasan. Da an kira ni a lokacin, ƙila da an yi wani abu."

"Ba zai yiwu ba," in ji Desmond. "Yanzun nan ya yi mini magana."

Edna ta ɗago ta dube shi, idonta a bushe.

"Me ya ce maka, Desmond?"

Tun daga ranar Desmond bai sake hawa dandamali ba. Har yau in ya ga tsoho yana gyangyaɗi a bencin bakin teku, sai ya tsaya, ba ya wucewa sai ya ga cikinsa ya motsa.

Darasi: In ɗan'uwanka ya yi maka raɗar neman taimako, ajiye abin da kake yi, ko da duniya tana yi maka tafi. Tafi yana dawowa, rai ba ya dawowa. Ku tura wa wanda kuke ganin yana bukatar ya ji.